Karanshaf ɗin Ilu Bakabe

Da hantsi suka sauko da shi daga kwalekwale,
mutum biyu, kamar masu ɗauko majinyaci,
suka jingina shi a gindin dalbejiyata,
bakin tafkin Lagdo, gefen masu bandar kifi.
Ilu Bakabe ya ce, "Fulogi ne kawai."
Kowa fulogi yake cewa. Fulogi ba tsada.

Muka rataya shi a duro, na ja igiya.
Ya tashi, ya yi tari,
ya kama rawar mai masassara.
Na kafa bakin sukundireba a jikinsa,
na ɗora ƙotar a kan kunnena,
na ce kowa ya yi shiru.
Can ƙasa, ƙarƙashin kukan fistan,
wani abu na ƙwanƙwasa ƙofa
a hankali, kamar mai bin bashi mai kunya.

Na kashe. Na kama filawil da hannu biyu,
na girgiza. Ya amsa mini.
Ƙarfe mai lafiya ba ya amsawa.

Hamajam, kawo sifana goma da sha biyu,
kawo faranti, kada noti ɗaya ya sha ƙasa.
Kafin azahar mun kai ga kashin baya.
Yaran nan na Garwa bilbirike suke ce masa,
ni karanshaf na koya, da shi zan mutu.
Boris ɗin sama ya yi shuɗi don ƙuna,
na ƙasa yana ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa a shinkafa.
Na dubi Ilu. Ilu ya dubi tafki.
"Mai nawa kake zubawa a lita ashirin?"
"Gwargwadon hali."
To, halin ne ga shi nan a faranti.

Amma rowar mai ba ta murɗe ƙarfe.
Na kwantar da shi a kan gammo biyu na ƙarfe,
na kafa sifok ɗin keke yana shafar wuyansa,
na juya. Ya taɓa, ya saki. Ya taɓa, ya saki.
Tazarar ba ta wuce kaurin farce ba,
ita ce ta hana gida uku cin tuwo.

"Me farfela ta daka?"
Sai ya faɗa. Daren Talata, yana bin giwan ruwa
yamma da tsibiri, ruwa ya ja baya,
wani kututture ya fito da kai.
"Tsamiya ce," ya ce, "da rassa biyu kamar gwafa."

Na ajiye guduma.
Na san tsamiyar nan.
A gindinta aka yi mini aski na fari,
a reshenta na hagu babana ke rataye koma,
kafin ruwa ya zo ya zauna a ɗakunanmu
bai sake tashi ba.
Shekara nawa tana tsaye cikin duhu,
sai yanzu ta aiko mini da saƙo,
ta rubuta shi a jikin ƙarfen wani.

Ban faɗa wa Ilu ba. Me zai yi da shi?

Gudumar tagulla, bugu ɗaya, a auna.
Bugu ɗaya, a auna.
Gaggawa a nan ita ce asara.
La'asar ta wuce kafin sifok ya daina tsalle,
ya bi wuyan ƙarfe lif, ba taɓa-saki.
Sabon boris, sabon sil, wankin kananzir,
na auna masa mai da gwangwanin tumatir,
na ce, "Wannan ma'auni, ko ranar da ba ka kama komai ba."

Ja ɗaya ya tashi. Murya ɗaya, babu baƙo a ciki.

Jaka goma sha biyar na ce, ya ba da tara
da karfasa huɗu a leda.
Da zai tura jirgi na kira shi:
"In ka bi ta wajen, ka rage wuta,
ka ɗaga farfela, ka wuce ta dama.
Jibi kuma, in akwai wuri a jirgin,
ka biyo ta nan da asuba."