Ƙwaya Goma Sha Ɗaya

A Yawuri babana yake gyaran koma,
ƙulli bayan ƙulli, yana hira, ba ya dubawa.
Sai duniya ta fara tsuke masa ta gefe:
yana ganin kwalekwale, ba ya ganin gaɓa.

Likita a Birnin Kebbi ta auna, ta ce,
"Hawan jinin ido ne, Malam Nomau.
Ba ya sallama, shi ya sa yake ɓarna."
Ta ba mu na ɗigawa, da wata farar ƙwaya
da ba ta kai ƙwayar wake ba.

Ni ce mai miƙa masa. Ni, Kulu.
Bayan asuba, da moɗar ruwa: "Daure, Baba."
Sau goma sha ɗaya na faɗa.

Zazzaɓi ya zo, muka ce na sauro ne.
Leɓe ya tsage, muka ce zafin gari.
Ran Laraba na ɗaga masa taguwa,
ta taso da fatar bayansa
kamar ɓawon dafaffen dankali.

Maƙwabta suka ce jifa ne.
Gwaggo Tumba ta turnuƙe ɗaki da hayaƙi.
Bakin da ke kiran ƙarfasa da tarwaɗa
kamar sunayen jikokinsa
ya kasa haɗiye ko yawu.

Mai jinya ba ta tambayi maƙiyinsa ba.
Cewa ta yi, "Me yake sha?"
Na kwance bakin zane, na miƙa kwalin.
"Ba guba ba ne. Dubu sun sha sun ga hanya.
Jikinsa ne ya ƙi."
Kunnena ya ji. Hannuna bai ji ba.

Kwana ashirin da uku ana juya shi a hankali.
Ranar da murya ta dawo, ya ce,
"Kulu, yau ni ne a kan banda."
Na fita bayan ɗaki na yi dariyar da ta zama kuka.

Fata ta dawo dabbare-dabbare kamar ƙwan zabo.
Farce biyu ba su dawo ba.
Sunan ƙwayar na rubuce a takarda cikin hularsa,
ya nuna wa duk mai farar riga kafin gaisuwa.

Jiya na zo ɗiga masa sabon magani,
hannuna na rawa, ɗigon ya sauka a kunci.
Ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe.
"Kin shayar da gemu," ya ce. "Saura ido."