Tuwon Dutse

Daren jiya a bakin rami, nan Bagega,
rediyon Ɗan'ige na tari, batir ya kusa mutuwa,
muka ji wai masana za su hau sama
su haƙo duwatsun da ke yawo bayan wata,
su niƙa, su ba ƙwayoyin halitta su ci,
in sun yi ƙiba matafiya su cinye su.

Moɗi ya yi dariya har fitilar goshinsa ta faɗi:
"Tuwon dutse! Miyar fa, da wane tauraro za a kaɗa?"

Ni ban dara ba.
Shekara goma sha ɗaya nake cin dutse.
Diga ta fasa, inji ya niƙe,
zaiba ta tsinto ɗan ƙyallin,
sikelin dillali ya mai da shi tiya biyu ta gero.

Amma dutse ba ya kyauta.
Wanda na kai gida, Hajo ta daka a turmin dawa,
garin ya sauka kan tabarmar Tambai,
yaron da bai gama koyon kiran baba ba.
Dalma, in ji likita.

Ku masu jirgi, in kun isa,
ku tambayi dutsen me ya ɓoye kafin ku ɗora tukunya.
Kada ku daka inda yara ke rarrafe.

Asuba ta yi.
Na ɗaura igiya a ƙugu.
Su sama, ni ƙasa,
yunwa ɗaya ta aike mu.