Talatin da Huɗu

Barau mai haɗa takalma a Tudun Wada
ya kawo shi cikin kwalbar lemo,
bakin an naɗe da leda, an ɗaure da roba.
Ba suna, ba takarda.
“Da shi muke sirka gam,” in ji shi.
“Duro guda na saya, araha ta ja ni.
Jiya Talle ya kwance murfi, abin ya yi huci kamar kasa,
yaron ya zauna daɓas,
wai rumfar ce ke juya masa.”

Ni aikina a Samaru tambayar ruwa.
Ba ya magana sai ya ji wuta.

Na buɗe tagogi. Na kashe duk abin da ke da harshe.
Na ɗiga kaɗan a bututun gilashi,
abin da bai kai hawayen jariri ba,
na kifa siririn tsinke mai rami a ciki,
na ɗaura su jikin ma'aunin zafi
kamar goyo.
Sannan na tsoma cikin ruwan randa,
ina ɗumama shi a hankali, a hankali.

Ko ruwan sha a garin nan
ba ya jiran ɗari kafin ya tafasa.
Muna kan tudu, iska ba ta danne shi sosai,
a casa'in da takwas yake tashi.
Malam Ɗanjuma da ya koya mini aiki
ya ce in fara da wannan kullum:
gwada ma'auni kafin ka gwada baƙo.

Talatin.
Kumfa ɗaya ta leƙo, ta koma.
Talatin da biyu, biyu a jere.
Sai ga su sun ɓalle kamar carbi ya tsinke.
Na janye wuta.
Gaskiyar ba ta wurin kumfa,
tana wurin da kumfar ta gaji,
ruwan ya ja da baya ya shige tsinken.
Nan ido ke zama, ba ƙiftawa.

Talatin da huɗu.

Na sake. Na kuma sakewa,
don ƙila idona ne, ƙila yunwar azahar ce.
Talatin da huɗu, ya ƙi gusawa.
Jikina ma ya fi haka zafi.
Da na riƙe shi a tafin hannu, da ya tafasa.

Na dubi kalanda: sati biyu ya rage Afrilu.
Na tuna rumfar Barau, kwano sama, kwano gefe,
rana tsaka ta kan haura arba'in,
ga mai shayi da risho a maƙwabta,
ga janareta, ga mai walda a tsallaken titi.
Duron nan yana can yana tafasa shi kaɗai,
ba wuta, ba mai kallo.

Barau yana waje kan benci, hula a gwiwa.
“Malama Ladidi, mai kyau ne?”
Na rubuta lambar da jan biro, na ja layi biyu.
Ya ce, “Kuɗina fa, dubu tamanin.”
Na ce, “Wa ke kwana a shagon?”

Ya daɗe bai amsa ba.
Sai ya laluba aljihu, ya ciro waya,
ya ce, “Talle, kar ka kunna maganin sauro.
Fito waje. Fito ka jira ni.”