Ɗigo Huɗu a Rana

Waya ce ta jawo mana,
tsohuwar wayar shanya a bayan barga
da ruwan daren Talata ya tsinka.
Gari na wayewa Bidi ya runtse idon hagu,
hawaye na bin kumatunsa har leɓe,
ƙudajen damina sun kafa kasuwa a kan ƙwantsa.

Dokta Zulai ta zo daga Gwale a adaidaita sahu,
ta tsallake kwatar lungunmu, ta naɗe hannun riga.
Ta ɗiga wani ruwa, ta haska tocila,
sai ga raunin kore shar,
siriri kamar jinjirin wata, kwance a kan ƙwayar ido.
Ta ce, "Sau huɗu a rana, kwana goma.
Kuka yi wasa, hakiya ce."
Ita da allura ta kwantar da shi.
Ta tafi da allurarta, ta bar mu da doki.

Sallau ya riƙe ragama, ya sha ƙasa.
Muka yi dabaibayi, ya tsinke.
Muka murɗe masa leɓe da igiya da guntuwar muciya,
ya miƙe a kan ƙafafun baya,
ya harbi bokiti, dusa ta watse har zaure.
Rabin kwalbar da na sayo a Sabon Gari,
bayan na ƙirga kuɗina sau biyu,
ya ƙare a kunnensa, da goshina, da rigar Sallau.

Ta kan katanga kuwa kowa likita ne.
Wannan ya ce tozali.
Wancan ya ce ruwan gishiri.
Iya Tabawa ta ce nonon mai jego, ta rantse.

Rana ta uku, bayan la'asar,
Baba ya fito yana laluben bango.
Shekara bakwai rabonsa da ganin dutsen Dala.
Shi ma an taɓa ba shi ƙaramar kwalba,
ya ce ƙaiƙayi ne, zai wuce,
ya ajiye ta a kan taga.
Tana nan har yau, ta bushe.

Ya ce, "Ku kwance masa leɓe.
Ku ba ku iya sallama ba.
Ta gefen duhunsa kuke faɗo masa, shiru, kamar ɓarayi.
Ko ni kuka yi wa haka, sai na kai duka."

Tun daga bakin rijiya ya fara magana,
ba wata magana ba,
tsadar harawa, da ciwon gwiwa, da wa ya rasu a Mandawari.
Kunnen Bidi ya juya.
Baba ya miƙa tafi da ɗan jar kanwa,
ɗaya hannun ya sauka a kafaɗa,
ya hau wuya, ya huta cikin geza,
ya sake tashi, a hankali, kamar mai hawa tudu da kaya,
har ya isa ƙashin da ke ƙarƙashin ido.
Can ya tsaya. Muka ji ladan na gyaran murya.

Ya ce da ni, "Biyo bayan hannuna.
Kada ka riƙe numfashi, yana ji."
Babban yatsansa ya janye fatar ido ƙasa.
Na matsa.
Ɗigo ɗaya ya faɗa inda aka aike shi.
Bidi ya ƙifta, ya yi ajiyar zuciya,
ya ci gaba da lasar kanwa.

Haka muka yi, asuba, azahar, magariba, isha,
tsohon na hira, ni ina ɗigawa,
Sallau na korar ƙuda da mafici.

Ran da kwalba ta biyu ta ƙare
idon ya buɗe, da ɗan farin tabo kamar ƙwayar gero.
Baba ya ce, "Me yake kallo?"
Na ce harawa.
Ya yi dariya har da tari. "To, ya warke."

Ya karɓi kwalbar, ya girgiza ta a kunne,
ya koma ɗaki yana laluben bango.
Da na shiga kai masa fura,
na gan ta a kan taga, kusa da tasa.