Mai Shayi a Jirgin Kadikoy

Wai tauraruwar fim ce ta shigo jirginmu,
na ruwa, mai tsallaka mutane zuwa Kadikoy.
Tayfun ya yar da tsintsiya, ya ruga da waya.
Ni na miƙa mata shayi,
sukari biyu, kamar kowa,
na ƙirga mata canji daidai.

"Ba ka san ta ba?"
Na sani. Fuskarta na jikin kowace bas.
To, sai me?

Amma ranar da tsoho Dursun,
gwanin tattabarun Urfa,
ya ɗauki farar tattabarata, ya buɗe fiffikenta,
ya ce, "Ba laifi,"
kwana uku barci ya ƙaurace mini.

Ta bar janbaki a bakin kofi.
Na wanke.