Bangon Arewa

A Stok, in ƙanƙara ta toshe Zoji La,
mota ba ta zuwa, ganye sai ta jirgi,
damin alayyahu ya koma kayan gwal.

Rigzin ya dawo daga Delhi da gilashi,
ya kafa ɗakin shuka, gefe huɗu garau,
da hantsi sai ƙyalli, har ido ya ji kunya.
Amma gilashi baki ne maras riƙon sirri:
duk ɗumin da rana ta raɗa masa da azahar
kafin tsakar dare ya tsegunta wa taurari.
Sai murhu. Sai kananzir, jarka bayan jarka,
yana dafa iska domin tumatir bakwai.

Ni kuwa, Yangskit, 'yar mai kwaɓa ƙasa,
ban da kuɗin wuta, sai na ari ta sama.
Na juya wa arewa baya,
na ɗora tubali layi biyu,
na cusa ƙaiƙayin sha'ir tsakaninsu
yadda ake cusa auduga a katifa.
Fuskar ciki na shafe da kunkunniya,
don baƙi ba ya mai da kyautar rana.
Kudu kaɗai na buɗe, na kwantar da rufin
daidai inda ranar hunturu ke rusunawa.

Shekarar farko leda na shimfiɗa, falle ɗaya.
Iska ta yage ta kafin wata uku,
raɓa ta daskare, ta ɗiga kan latas,
na binne rabin kwami da hannuna.
Bana na sai da ɗan maraƙin yak,
na sayo faifan roba mai ramuka,
hawa uku, kamar saƙar zuma.
Hasken ya ragu kaɗan, ban musa ba,
sai dai iskar da ke kurkuku a ramukan
ita ce mai gadin da ba ya neman albashi.

La'asar sakaliya, in inuwar dutse ta taso,
ni da jikata Padma mu ja tsohon bargo
mu lulluɓe rufin kamar mai jego.
In mun makara da rabin sa'a, ganye ya gaya mana.
Can cikin dare bangon ya fara biyan bashi,
numfashi kaɗan kaɗan, har asuba.

Jiya Rigzin ya leƙo, hancinsa ja,
jarkarsa ba komai, tasha kuma a rufe.
Bai ce uffan ba. Ya cire safar hannu,
ya dafa bangon, ya daɗe yana dafe.
Ya ce, tubali nawa?
Na ce, ban ƙirga ba, bayana ne ya sani.
Na tsinko masa alayyahu cike da hula,
ya tafi yana auna kudu da ido.