Gidan Zanzaro a Salansa

Shekara goma sha ɗaya yana jingine
a ɗakin harawa, bayan turken awaki,
tun ranar da yanar ido ta tare wa Baba hanya,
ya zare makulli ya rataye a ƙusa,
ya ce wanda ya taɓa, shi da Allah.

Bana da muka kaɗe riɗi, na nemi izini.
Bai ce e ba. Ya dai nuna ƙusar da haɓa.

Na janye buhuna.
Ɓeraye sun cinye soson kujera, sun yi jikoki a ciki.
Tayoyi sun zauna zaman tahiya, sun ƙi sallamewa.
Zanzaro ya yi gini hawa uku a bakin salansa.
A kariya har yanzu ga igiyar robar nan
da yake ɗaure kayan gyaran tuƙa-tuƙa,
lokacin da ƙauye bakwai ba sa shan ruwa sai ya je.
Ƙarƙashin inji kuwa, kazar Inna mai wake-wake
ta kwanta kan ƙwai tara, tana hararata.

Na jira ta ƙyanƙyashe.
Wanda ya yi sha ɗaya, mako uku ba zai kashe shi ba.

Tsalha bakanike ya zo daga Gujungu
da jakar sifanu da goro a kunci.
Ya zagaya sau biyu, ya yi tsaki:
“Kira 'yan gwangwan su auna maka a kilo.”
Daga zaure muryar Baba ta fito:
“Wa za a auna?”
Tsalha ya durƙusa, ya kwance jaka.

Muka zuba tsakuwa da kananzir a tanki,
muka yi ta girgiza har kafaɗa ta ƙage;
abin da ya fito ja wur, kamar jiƙon zoɓo.
Kabireta ta kwana a tsohon kwanon shan Inna,
ba ta sani ba, kada ku gaya mata.
Sarƙa ta sha baƙin mai kwana biyu kafin ta yarda ta lanƙwasa.
Fulogi, wayar kuloci, tayar baya,
rabin buhun riɗi ya tafi a haka.

Ranar tayarwa na buga kik arba'in.
Tari ɗaya, shiru.
Tari biyu, shiru.
Gumi ya shiga idona, yara suka fara dariya.
Baba ya karkato kunne daga tabarma:
“Iska ta yi masa yawa.
Ƙaramin nan na gefe, murɗa shi dama, kaɗan. Kaɗan na ce!”

Sai ya kama.
Hayaƙi ya cika tsakar gida,
akuya ta tsinke igiya, 'yan tsaki suka watse,
Inna ta fito da muciya a hannu tana salati.
Baba ya lallaɓo da bango,
ya ɗora tafinsa a kan tanki
yadda ake taɓa goshin yaron da zazzaɓi ya saka.
Ya daɗe a haka.

Bayan la'asar na goya shi.
Ya damƙi rigata daidai inda nake damƙar tasa
ina ɗan shekara shida.
“Rage wuta, akwai rami gaban kukar nan.”
Na rage.
“Yashi bayan makaranta, bi ta hagu.”
Na bi ta hagu.
Shekara huɗu ke nan da aka shimfiɗa kwalta.
Haka na yi ta kauce wa ramukan da babu su
har muka hango gada.

Can ya matso da baki kusa da kunnena:
“Ɗan nan, kwalta ce, tun daga gida na ji.
So nake in ga ko kana jin magana.
To, ƙara wuta.”